Ana neman auren ƙanwata daga gidan da aka sani da duka: zafin zuciya gado ne?

Sanusi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don na san a nan akwai malamai da ma'aikatan likita. Wani yaro ne ya fito neman auren ƙanwata. Makanike ne, yana da garejinsa, shekarunsa 27. Yarinya na so, ni ma ban ga aibinsa ba. Da aka shiga bincike sai aka ce ubansa mutum ne mai saurin hannu, mata uku suka bar gidansa saboda duka. Kakansa ma an ce har ya koma ga Allah ba a iya ja da shi a kasuwa. Kawunmu ya ce shi ba ya ciki, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, abin a jini yake. Ranar Juma'a za a zauna. Tambayata ɗaya: zafin zuciya ana gadonsa kamar yadda ake gadon tsawo ko sikila? Don Allah kar a tambaye ni unguwa ko suna.

Nura Kabu-kabu: In dai gado ne, to rabin masu kabu-kabun Maraɗi uba ɗaya ya haife mu. Yaya Sanusi ka zo bakin tasha ƙarfe biyun rana a watan Afrilu ka ga ƴan uwa.

Alhaji na Tibiri: Ɗana Sanusi, kawunka bai yi ƙarya ba. Shekara 40 ina cikin bisashe. Rago mai tunkuyi, ɗanshi ma sai ya yi. Bunsuru in ya ishe ka da fitina ka dandaƙe shi ya koma taure, ya yi ƙiba ya kwanta. Bajimin da ƙato uku ba su riƙe shi, in an fiɗiye shi yaro ɗan shekara goma na ɗaura mai amalanke ya kai shi gona. To mi ya canza? Ai ba wa'azi anka yi mai ba.

Nura Kabu-kabu: Baba Alhaji, ba dai cewa kake a dandaƙe angon ba ko?

Alhaji na Tibiri: Kai ɗan nema, rufa mini baki.

Dokta Sale (likitan dabbobi): Alhaji ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Abin da ake cirewa in an dandaƙe dabba shi ne masana'antar sinadarin mazantaka, wanda ake kira testosteron. In babu shi faɗa yana raguwa, wannan ba gardama, a dabba da mutum. Kuma duk duniya maza ne ke kisa: ƙididdigar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da laifuffuka ta nuna kusan 90 cikin 100 na waɗanda ake tuhuma da kisan kai maza ne. Sai dai Alhaji zai ba ni shaida a kan abu guda. Ragon da aka dandaƙe tun yana ɗan ƙarami daban, wanda aka bari ya girma ya saba da karo sannan aka dandaƙe shi daban. Na biyun yana rage faɗa, amma ba ya dainawa. Ya riga ya koya.

Alhaji na Tibiri: Wanga haka yake. Tsohon rago ko an dandaƙe shi in ya ga gindinka sai ya gwada.

Dokta Sale (likitan dabbobi): To ga wani gwaji da aka yi da birai, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Birai maza in suna tare kowa ya san matsayinsa, akwai babba, akwai na tsakiya, akwai na ƙasa. Aka ɗauki na tsakiya aka yi masa allurar testosteron mai yawa. Faɗansa ya ƙaru sosai. Amma da wa? Da na ƙasa da shi kawai. Manyan da suka fi shi, yana ganinsu yana kauce musu hanya kamar da. Wato sinadarin ya ƙara wa wutar mai, amma bai zaɓa masa inda zai ƙona ba. Birin ne da kansa ya san inda ya fi ƙarfi.

Zali: Dokta, Allah ya saka da alheri, ka gama magana. Abin da na daɗe ina faɗa kenan ana cewa bakina ya yi tsawo. Mutumin da ake cewa "haƙuri za ki yi, haka zuciyarsa take, in ta taso ba ya gani", me ya sa bai taɓa marin jandarma a shinge ba? Me ya sa in Alhajin da yake bin sa bashi ya zage shi gaban mutane sai ya ce "a yi haƙuri ranka ya daɗe"? Zuciyar da ba ta gani ta yaya ta iya bambanta kaki da zane? Wargi wuri yake samu.

Nura Kabu-kabu: Zali ta shigo, kowa ya kama kansa.

Mushe Iliya: Ina aji ne shi ya sa na yi shiru. Sanusi, bari in ɗan ja, don wannan darasin nake koyarwa kuma yara ba su taɓa yi mini tambaya mai daɗin taka ba.

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin kunnuwa, akwai wasu ƴan tsoka biyu, kowace ba ta fi ƙwayar gujiya girma da yawa ba, sunansu amigdala. Su ne masu gadi. In ka hango wani abu a duhu kamar maciji, kafin ka gane igiya ce har ka yi tsalle, to aikinsu ne. Su ke tada jiki: sinadarin adrenalin mai zaburar da jiki ya zuba cikin jini, zuciya ta riƙa bugu, numfashi ya ƙaru, jini ya tafi dantse da cinya. Tsoro da fushi ƙofarsu ɗaya. Sannan akwai gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi. Shi ne mai cewa dakata, wannan surukinka ne, in ka mare shi gobe fa? Hausawa sun ce "ya hau dokin zuciya". To amigdala ce dokin, bayan goshi shi ne linzami. Kuma linzamin nan shi ne ɓangaren da ke gama nuna a ƙarshe, sai wajen shekara 25. Shi ya sa gidan kaso ko'ina a duniya samari suka cika shi, ba dattawa ba.

Yadda aka fara gane haka: a 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi cikin ramin dutse da sandar ƙarfe, abin ya tashi. Ƙarfen, mai tsawon fiye da mita ɗaya, ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba. Amma likitan da ya duba shi ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar, marar haƙuri, ba ya tsayawa kan magana ɗaya. A 1997 kuma wani masani, Adrian Raine, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 41 da aka tuhuma da kisan kai, ya ga a jimlace gaban ƙwaƙwalwarsu bai kai na sauran mutane aiki ba.

Malam Habu: Mushe, ina bin ka, amma ina jin tsoron inda za ka kai mu. In aka ce tsoka ce a kai ta sa mutum ya fasa wa matarsa baki, gobe kowa sai ya ce ba ni ba ne, amigdala ce. Alhali wani ya zo wa Manzon Allah (SAW) ya ce yi mini wasiyya, ya ce masa kada ka yi fushi, ya maimaita masa sau da yawa. Ba a umartar mutum da abin da ba ya iyawa. Kuma ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokowa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Mu mutanen Maraɗi da muke alfahari da Kantu, ɗan kokowar da ya ɗauko takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ya kamata mu fi kowa jin wannan hadisin.

Mushe Iliya: Malam, ai ba mu saɓa ba. Duba abin da aka koya wa mai fushi: in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ya yi alwala, ya yi shiru. An kuma hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Duk wannan amincewa ce cewa fushi abu ne da ke faruwa a jiki, yana da tashi yana da sauka, kuma in aka ba shi ɗan lokaci linzami zai dawo hannu. Da ba a jiki yake ba, me ya haɗa shi da ruwan sanyi?

Kuma labarin Gage ɗin nan akwai ƙarshensa da ba a cika faɗa ba. Ya yi shekara kusan 12 bayan haɗarin, har ya je ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja. Aikin da ke buƙatar tashi da asuba, lissafin kuɗi da haƙuri da mutane. Mutumin da ƙarfe ya ratsa linzaminsa ma ya sake ɗinka wani abu daga ciki.

Malam Habu: To alhamdu lillahi. In haka ne mu ci gaba.

Zali: Amma tsoron Malam ba na banza ba ne. A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Trieste ta Italiya ta rage wa wani mai kisan kai shekara ɗaya daga hukuncinsa, bayan an kawo shaidar cewa yana ɗauke da ƙwayoyin gado masu alaƙa da saurin faɗa. Masana da yawa sun soki hukuncin. Ni abin da na ce a aji da aka kawo mana shi: in har da gaske jininsa ne ke sa shi, ai dalilin ƙara tsare shi ne, ba na sakinsa da wuri ba. Hujjar tana yanka ta kowane gefe.

Sanusi: Jama'a ina godiya, amma har yanzu ba a taɓa tambayata ba. Gado ne ko ba gado ba ne? Abin da zan faɗa wa kawu nake so.

Mushe Iliya: Na zo wurin. Amsar gaskiya: akwai gado a ciki, amma ba irin na sikila ba. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce, in ka samo ta daga uwa da uba shi kenan, ana iya gwada jininka a faɗa maka. Hali ba haka yake ba, ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa kowace da ɗan guntun tasirinta. Binciken tagwaye, inda ake kwatanta masu kama ɗaya da waɗanda ba su yi kama ba, yana nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen faɗa yana da alaƙa da gado. Ka lura, bambanci tsakanin jama'a ake nufi. Ba a ce ɗan mafaɗaci yana da rabin rabo na zama mafaɗaci ba.

Akwai ƙwaya ɗaya da ta yi suna, MAOA. Aikinta sarrafa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa irin su serotonin, ta share su in sun gama aiki. A 1993 wani likita a Holan, Han Brunner, ya ba da rahoton wani dangi da mazansu da yawa ke da saurin faɗa da ƙarancin fahimta, har da mai cinna wa gidaje wuta. Aka gano ƙwayar nan a jikinsu ba ta aiki sam. Amma wannan lalura ce da ba kasafai ake samunta ba. Abin da ya fi yawa shi ne nau'in da ke aiki amma da rauni, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na mazan Turawa shi gare su, suna zaune lafiya da matansu.

Ga wanda ya shafe ka. A garin Dunedin na New Zealand an bi yara 1037 da aka haifa a 1972 da 1973 tun suna ƙanana har suka girma. A 2002 wasu masana, Avshalom Caspi da Terrie Moffitt, suka duba mazan cikinsu. Mai raunin ƙwayar da ya tashi cikin kulawa bai fi kowa faɗa ba. Amma waɗanda suka haɗa biyu, raunin ƙwayar da kuma azaba a yarinta, su 12 ne kawai cikin 100 na mazan, sai ga shi 44 cikin 100 na hukuncin laifin duka da rauni a kansu ya faɗa. Binciken da aka yi daga baya wasu sun samu haka, wasu sun samu tasirin bai kai haka ƙarfi ba. Amma darasin ya zauna: iri daban, ƙasar da aka shuka shi daban.

Sannan ka faɗa wa kawu wannan a hankali: ƙwayoyin gado a jere suke kan wasu zarurruka da ake kira kromozom, mace na da X biyu, namiji X da Y, ita kuma ƙwayar MAOA a kan kromozom X take, shi kuwa namiji daga uwarsa yake samun X. Uba ba ya ba ɗansa namiji ita ko kaɗan.

Nura Kabu-kabu: Ikon Allah! Kenan kawu ya yi ta binciken gidan uba, ashe gidan uwa ya kamata ya je.

Mushe Iliya: Ita wannan ɗayar kawai, Nura, kar ka kai ni inda ban je ba. Sauran ta ko'ina suna zuwa. Akwai ma wani bincike a Danmak a 1984, na mutum 14,427 da aka ba riƙo tun suna ƙanana, ba su tashi hannun iyayen da suka haife su ba. An samu alaƙa tsakanin laifin uban asali da na ɗa wajen sata da makamantanta, amma wajen laifin duka da kisa ba a samu alaƙa mai ƙarfi ba.

Majo Rabi: Tun ɗazu ina karantawa tsakanin marasa lafiya. Ku kuna ta Holan da Danmak, ni bari in dawo da ku gida. In ana maganar jiki, mutane sai su ɗauka gado kawai ake nufi. Alhali akwai abin da ke samun ƙwaƙwalwa bayan an haifi mutum, kuma shi ne ya fi yawa a wurinmu.

Na yi aiki a ɗakin yara masu tamowa tun bayan yunwar 2005. Yaron da ya rasa abinci mai gina jiki daga cikin ciki zuwa shekara biyu, ba tsawonsa kaɗai ke tsayawa ba. A tsibirin Moris da ke tekun Indiya an bi yara tun suna shekara 3 har 17, aka ga waɗanda suka nuna alamun tamowa a shekara ukun sun fi sauran faɗa da rashin ji da suka girma. Ga dalma. Kun tuna Zamfara a 2010, nan maƙwabtanmu, da ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka mutu. Waɗanda suka rayu fa? Dalma tana cin daidai linzamin da Mushe ke faɗa. Ga faɗuwa a kan moto ba hular kwano, goshi ya bugi kwalta. Sau nawa uwa ke ce mini "tun da ya yi haɗarin nan ya canza, ba ya son a yi masa magana biyu", dangi kuma suna can suna neman maganin iska. Ga tramol, wanda ba sai na yi bayani ba. Wanda ya saba da shi, ranar da bai samu ba ko ƙuda ya sauka masa sai ya nemi faɗa. Ga rashin barci. Ga zafi, don maganar Nura ta watan Afrilu ba wasa ba ce kawai, an auna a ƙasashe da yawa an ga faɗa yana ƙaruwa lokacin tsananin zafi.

Saboda haka Sanusi, kafin ka tambayi wane ne kakansa, ka tambaya: yana sha? Ya taɓa buguwa a kai? Wa ya riƙe shi?

Nura Kabu-kabu: Majo, maganar hular kwano ki yi a hankali, akwai masu laifi a nan.

Majo Rabi: Da kai nake, ƙanena. Na ga hotonka.

Ɗan Gulbi: Ni dai a bar kewaye-kewaye. Kowa ya san akwai ƙabilun da faɗa a jininsu yake. Ba sai na kama suna ba, ku dubi abin da ke faruwa a dajin iyaka.

Mushe Iliya: A'a, wannan kam ba zan bari ta wuce ba. An sha yin irin wannan kuskuren da rigar ilimi. A 1965 aka gwada mazan da ke tsare a wani asibitin masu laifi a Sikotlan, aka ga wasu suna da ƙarin kromozom Y. Nan da nan jaridu suka ce an gano jinin kisa. Da aka auna jama'ar gari sai aka ga wajen namiji ɗaya cikin 1000 haka yake, akasarinsu ba su ma sani ba, ba su taɓa dukan kowa ba. A 2006 wasu suka ce ƙabilar Maori ta New Zealand suna da "ƙwayar mayaƙa", ita dai MAOA ɗin nan, masana suka yi musu ca saboda mutanen da aka gwada ba su da yawa kuma ba a nuna alaƙa da laifi ba.

Kuma abin da ke faruwa a daji ba shi ne abin da muke magana a kai ba. Masana sun raba faɗa biyu. Akwai na zafi, wanda aka taka ka ka kai hannu. Akwai na sanyi, wanda ake zama a shirya, a sayi mai, a raba aiki. Na biyun ba linzami ne ya tsinke ba, da linzamin ake aikata shi. Mu nan ba mu da bakin nuna wa wata ƙabila yatsa. Abin da ya faru a Toda, nan yankin Maraɗi, a 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100 akasari mata da yara, ba baƙi suka zo daga wata duniya suka yi ba.

Alhaji na Tibiri: Mushe bar wagga magana haka nan. Mu da muka ga lokacin ba mu son tuna ta. Ɗan Gulbi, ka janye.

Ɗan Gulbi: Na janye, Baba. Allah ya ba da haƙuri.

Dokta Sale (likitan dabbobi): Bari in sassauta da birai, tunda su ne nawa. Masu cewa yaƙi a jininmu yake suna kafa hujja da abin da masaniyar birai Jane Goodall ta gani a Gombe daga 1974 zuwa 1978, inda garken manyan biran da ake kira shimfanzi ya rabe biyu, ɓangare ɗaya ya bi ɗayan ɗaya bayan ɗaya har ya ƙarar da mazansu.

Nura Kabu-kabu: Gombe ta Najeriya? Wallahi na je, ban ga biri ba.

Dokta Sale (likitan dabbobi): Ta Tanzaniya, sarkin surutu. To amma ga na Kenya. Wani masani, Robert Sapolsky, ya yi shekaru yana bin wani garken gwaggon biri. A shekarun 1980 mazan da suka fi ƙarfi da mugunta suka riƙa zuwa jujin wani masaukin ƴan yawon buɗe ido suna cin ragowar nama, don su kaɗai ke iya ƙwatar wuri a can. Naman na ɗauke da tarin fuka, ya kashe su. Aka bar mata da maza masu sanyin hali, garken ya koma zaman lafiya. Abin mamakin yana gaba. Su gwaggon biri, namiji in ya balaga barin garkensu yake ya shiga wani. Bayan shekaru babu ko ɗaya daga mazan farko da ya rage, waɗanda ke ciki baƙi ne da aka haifa a garkunan faɗa, amma zaman lafiyar bai tafi ba. Baƙon ya zo ya tarar ba a cizo a nan, shi ma ya bari. A 2004 aka buga rahoton.

Ko shi testosteron ɗin, abin da ya fi nema girma ne, ba jini ba. A Zurich ta Suwizalan a 2010 an ba mata shi aka sa su wasan rabon kuɗi, sai waɗanda suka sha suka fi yin rabon adalci. Waɗanda kuwa suka zaci an ba su, ko da ba a ba su ba, su ne suka fi yin rowa. Inda ake samun girma da kyauta, kyauta zai sa ka. Inda ake samunsa da mari, mari.

Hajiya Barira: Sanusi ɗana, ni ban yi lakwal mai zurfi ba, jikata ke karanta mini tana rubuta abin da na ce. Na yi shekara 11 a gidan mai duka, Allah ya jiƙansa yanzu. Ƴaƴa maza biyu na haifa masa, uwa ɗaya uba ɗaya, tuwo ɗaya. Babban ya ɗauko shi sak, har yadda yake cije leɓe kafin ya kai hannu. Matarsa ta fari ni da kaina na ce ta tafi gidansu. Ƙaramin kuwa, da na fita yana shekara huɗu, wana ne ya riƙe shi a Tasawa. Zuciyar tana nan, ina ganinta, idonsa kan yi ja kamar garwashi. Amma sai ya ɗauki takalminsa ya fita. Shekararsa 15 da aure, matarsa ba ta taɓa kawo ƙara ba, kuma ni mai tambaya ce. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, ita ma karin maganar Hausa ce, ka kai wa kawunka ita ta zauna kusa da barewarsa.

Amma kar ka ji wannan ka saki jiki. Ɗiya ce za ku bayar. Lokacin da aka zo nemana kowa ya ce mutumin kirki ne, don abokansa da limamin unguwa aka tambaya. Ba wanda ya tambayi ƙannensa mata.

Zali: Inna, Allah ya ƙara girma. Yaya Sanusi ka ji inda bincike yake. Ba na sama da shi za ka tambaya ba, birin Dokta ma yana ladabi ga na sama.

Mushe Iliya: Abin da Hajiya ta gani a gidanta an auna shi. Wata masaniya, Cathy Widom, a Amurka, 1989, ta bi bayan yaran da kotu ta tabbatar an azabtar da su. Haɗarin su aikata laifin duka ya fi na sauran, amma mafi yawansu ba su aikata ba. Wani masani a Kanada kuma, Richard Tremblay, ya nuna shekarun da ɗan Adam ya fi kai hannu su ne biyu zuwa uku: cizo, yaƙushi, ture. Ba koyon duka yaro ke yi ba, da shi yake zuwa. Dainawa ake koya masa. To tambayar ita ce wa ya koya wa yaron naku dainawa, tunda ba uban ba ne.

Sanusi: An ce uwarsa ta fita yana shekara bakwai, ya koma hannun kakarsa ta wajen uwa a ƙauye, sai da ya kai 15 ya dawo gari koyon aiki. Ba ya sha, wannan na tabbatar. Gobe zan kai babur ɗina garejin in zauna.

Malam Habu: Ku yi istihara kuma. Sannan ba laifi ba ne a zaunar da shi gaban waliyyansa a faɗa masa abin da ake tsoro ƙarara. Yadda zai karɓi maganar ma amsa ce.

Sanusi: Salam. Na dawo da labari kamar yadda na yi alkawari. Na yi wajen awa uku a garejin jiya, da sunan gyaran birki. Yara huɗu ke ƙarƙashinsa. Can wajen azahar wani ƙarami, bai fi shekara 12 ba, ya ɗaure ƙusar inji ya wuce da ita har ta karye a ciki, babur ɗin wani ne kuma mai shi na tsaye yana masifa. Na zuba ido. Fuskarsa ta canza, jijiyar wuyansa ta tashi, na ce yau zan gani. Ya ajiye sifanar hannunsa a ƙasa, ya ba mai babur haƙuri ya ce gyaran a kansa, ya ɗauki buta ya zaga baya. Ya yi kamar minti goma. Da ya dawo ya kira yaron ya nuna masa yadda ake jin ƙusa ta kai.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Lokacin da ƙusar ta karye, kafin kowa ya motsa, yaron ya ɗaga hannu biyu ya kare kansa.

Zali: Ya san kana kallo?

Sanusi: Ya sani mana, shi ya ba ni kujera.

Majo Rabi: Yaron tun yaushe yake wurinsa?

Sanusi: Wata biyu, in ji babban cikinsu. Daga wani gareji ya dawo.

Hajiya Barira: To wancan babban, shekara nawa ya yi da shi?

Sanusi: Shida.

Hajiya Barira: Shi za ka samu, ba a garejin ba, kuma ba kai ba. Ka tura ƙaninka su sha shayi. Ƙannensa mata kuma ka bar mini, in ka yarda ka turo mini sunan unguwar ta gefe, ina da wadda zan aika. Ka ce wa kawunka a ɗaga zaman zuwa Juma'a ta sama.

Sanusi: To Inna. Bari in kira shi yanzu kafin ya fita masallaci.